Muryar Yayanka Ta Fito Sosai

Malama ta miƙa wa Mai Faci takardarsa ba tare da ta ɗago kai ba. A ajin koyon rubutu na ranar Asabar kowa ya ɗauki shirin murya a wayarsa, fodkas in ji Malama, sannan aka yi musaya: ka saurari na wani, ka rubuta masa ra'ayinka, a ba ka maki.

Ya koma bencin baya, ya goge hannu a wando kafin ya buɗe, don baƙin taya ba ya barin yatsunsa. Shi da Dogo aka haɗa. Na Dogo a kan ƙwallo ne, kuma sau uku ya saurare shi a bakin titi, tsakanin taya da taya, har ya cika masa shafi biyu.

Dogo kuwa layi biyu ya rubuto: "Hirar ta yi daɗi. Muryar yayanka ta fito sosai, ga shi da ban dariya."

Sunan shirin "Hira da Yayana", wannan gaskiya ne. Amma babu yaya a ciki. Shekara biyu ke nan da Yaya ya tafi neman aiki, lambarsa ta daina shiga. A ɗakin da suka kama tare Mai Faci ya zauna, ya fuskanci katifar da ke jingine da bango, yana yin tambaya yana barin shiru daidai tsawon amsa. Minti tara. Bai taɓa faɗa wa kowa abin da ke ciki ba. Ya ɗauka yau mutum ɗaya zai ji.

"Duk wanda ya rubuta bai saurara ba, sifili ne," in ji Malama. "Akwai mai ƙorafi?"

Dogo ya waiwayo da sauri. Mai Faci ya ninke takardar, ya saka ta a aljihu.

A kan matakala Dogo ya cim masa.

"Mutumina, ka rufa min asiri. Wallahi na buɗe, data ce ta ƙare."

"Ga shi da ban dariya, ko?"

"To, wane yaya ne ba shi da ban dariya?"

"Ba zan faɗa mata ba. Zauna."

"Yanzu? Ana jira na fa."

"Minti tara ne."

Dogo ya duba agogo, ya zauna a gefen matakalar, ƙafafunsa sun tare rabin hanya. Mai Faci ya warware igiyar abin kunne, ya ba shi ɗaya, ya saka ɗaya. 'Yan aji suna wucewa, suna tsallake su.

Muryar Mai Faci ta fito daga wayar, ƙasa-ƙasa. "Yaya, ka isa lafiya?"

Shiru.

"Takalmanka suna nan. In sa, ko in bari?"

Shiru. Can nesa wata mota ta yi ham.

Dogo ya cire abin kunnen, ya hura shi, ya buga shi a tafin hannu, ya mayar. Ya ƙara murya har ƙarshe.

"Kai, nawa ɓangaren ya lalace. Kai kaɗai nake ji, ba na jin yayan."

Mai Faci yana kallon lambobin daƙiƙa suna tafiya a fuskar wayar.

"Ni ma," ya ce. "Saura minti takwas."