Dalar Asibi

Baba Ɗanhausa ya tsugunna gaban faifan Gide maƙerin azurfa a kasuwar Faskari, yana juya tsofaffin kuɗi ɗaya bayan ɗaya. Tun da aka yi canjin kuɗi kowa naira yake bi, har yaran jiya sun hau babura. Shi kuwa tsohon nan sai tara sulalla da dalolin zamanin Turawa, waɗanda ko ƙosai ba sa saye. Gwangwaninsa ya kusa cika, amma wadda yake nema ba ta ciki.

Dala ce ta azurfa, mai huda dab da kunnen Sarkin Ingila. Ita ya manna wa matarsa Asibi a goshi ranar da ya fara ganinta tana rawar kalangu, daga baya ya huda ta da ƙusa, ta rataya a wuya. Shekarar fari ta sayar da ita ta auno dawa. Yanzu idanunta sun tafi, jiki ya ƙi daɗi, kuma kullum hannunta na laluben wuya.

"Baba, in dai ta biyo ta hannuna, ai ta daɗe da zama zobe," in ji Gide.

Maganar ta yi masa ciwo ƙwarai. Sai ya zaɓi wata dala.

"Huda mani wagga. Nan, wajen kunne."

A motar komawa gida Tafoki bai kula kowa ba, goga ta kawai yake yi da bakin riga.

Ya iske Asibi zaune a inuwar rumbu.

"Miƙo hannu. Na samo ta."

Ta shafa gaba, ta shafa baya. Da yatsanta ya kai kan hudar, sai ta ƙyalƙyale da dariya har da tari.

"Kai dai ba ka iya ƙarya ba! Hudar ga da kaifinta. Tawa kuwa a karkace take, don ran nan hannunka rawa yake yi."

Kunya ta rufe shi. "To, kawo in maida mashi."

Ta damƙe hannu. "Wa ya ce ka maida? Waccan dalar, yarinya mai rawa ka ba. Wagga tawa ce."

Ta miƙa masa, ta ɗaga fuska. "Manna mani."

Ya ɗora mata a goshi. Fatar ta bushe, babu gumin da zai riƙe dalar, ta fara zamewa. Sai ya bar yatsansa a kai.