Kwalbar da Ta Tafi Kano

Karsanar ta durƙusa a bakin tafki, kumfa na zuba daga bakinta. Daudu ya tsaya a kanta, sanda a kafaɗa. Tun da masu feshin gyaɗa suka fara wanke gangunan magani a nan, garkensa ke raguwa. Wani ruwan kuwa babu, sai an kusa Babura.

Ya yi ta sintiri zuwa ofishin dabbobi har masinja ya daina amsa sallamarsa. Ranar da malamin dabbobi, Muhammadu Lawal, ya zo, motarsa a ƙofar gidan Dagaci Mamuda ta tsaya. Aka shimfiɗa tabarma, aka yanka zakara.

"Malam, tafkin yana nan bayan gari," in ji Daudu.

Malamin ya dubi taɓon hanya, ya dubi sabon takalminsa, ya miƙo kwalba. "Ciko ta. A Kano za a auna."

Daudu ya ciko ta, ruwan kore-kore, yana warin magani. A zaure Dagaci ya tare shi, ya ɗaga kwalbar a haske, ya ɓata rai.

"Wannan za a liƙa wa sunan garina a kai birni? A ina ka taɓa ganin an miƙa wa baƙo gurɓataccen ruwa?"

"Ranka ya daɗe, ai ba sha zai yi ba. Shi ne wanda shanun ke sha."

"Kai dai da shanu ka saba, ba da manya ba." Dagaci ya leƙa cikin gida. "Dela! A zubar, a ɗauraye, a ciko daga randata."

Daudu ya buɗe baki. Ya tuna a ƙasar wa rugarsa take, ya rufe.

* * *

Bayan girbi Dagaci ya aika a kira shi, fuskarsa cike da fara'a.

"Albishirinka! Sakamakon awon ya dawo daga Kano. An ce duk yankin nan babu ruwa mai kyan namu. Rijiyar dabbobin da gwamnati ta so haƙa mana ma an mayar Gwiwa, tunda mu ba mu da bukata."

"Allah ya ƙara girma," in ji Daudu.

Da la'asar shanun da suka rage suka nufi tafki. Wata ganga na yawo a tsakiyar ruwan. Daudu ya sha gabansu da sanda, ya daka musu tsawa, suka kewaye shi ta dama da hagu, suka wuce ruwan.

Ya sauke sandar.