Maɓallin Gogewa na Yaya Muktar

Ranar da na sauka daga motar Kano a Ajingi, tun a zaure Inna ta tare ni, ko ruwa ban sha ba.

"Falmata, yayanki ya ce a zo a ɗauke kwamfutar nan daga ɗakinsa, wai ya bar aiki. Abinci ma sai an yi da gaske yake ci." Sai ta rage murya. "Ke kuma ki kama bakinki. Na san halinki."

Ta san halina kuwa. Duk gidanmu ni ce magana ba ta kwana a cikina, kuma abin da take so in riƙe ba ƙarami ba ne.

Yaya Muktar ne babba a ɗakinmu, shi ya fara ɗora hannuna a kan kwamfuta. Shi da amininsa Bubayero, mutumin Kademi, suka haɗa 'yar na'urar da ke kunna famfon sola na burtsatsen garin Gafasa, ta kuma kashe shi idan tanki ya cika. Bubayero ke haɗa wayoyi, Yaya ke rubuta manhaja. Da farkon damina ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Yaya, aka kwantar da shi a Kano. Yana can famfon ya tsaya. Bubayero ya zo ya karɓi kwamfutar Yaya, ya je Gafasa ya tayar da ruwa. A hanyarsa ta dawowa motar hatsi ta buge babur ɗinsa. A ranar aka yi masa sutura, kwamfutar kuma ta yi kaca-kaca.

A wajenmu ba a kai wa marar lafiya labarin rasuwa, ballantana likita ya ce a kula da jininsa, kada a tayar masa da hankali. Sai Inna ta yanke shawara. Kawu Hafizu ya nemo tsohuwar kwamfuta irin ta Yaya sak, wani mai gyara ya kwashe ayyukan daga cikin fasasshiyar ya zuba a ciki, har hotunan da ke manne a murfi aka ɓanɓaro aka liƙa. Bubayero kuwa aka ce ya tafi ruga wajen kawunsa a Adamawa, inda babu sabis. Kowa a gidan ya haddace wannan, har ni.

Na same shi bayan azahar a kan tabarma, ya jingina da bango, hannun damansa a cinya kamar ba nasa ba. Ya rame. Raina ya ɓaci, amma na shiga da tsokanata da na saba.

"Yaya, sannu da jiki. An ce ka yi ritaya ba ka gaya mana ba. To wa zai riƙa yi mini faɗa idan na rubuta shirme?"

Ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Jawo ta nan, ki buɗe dibaga."

Dibaga ita ce manhajar da muke bin aiki layi-layi da ita don gano inda kuskure yake. Ba hoto a cikinta, baƙin allo ne kawai da rubutu, ka buga umarni ta ba ka amsa. Na buɗe na ajiye masa a gabansa. Da hannun hagu yake bugawa yanzu, yatsa ɗaya, a hankali. Ya kuskure harafi, ya kai yatsa kan maɓallin gogewa ya danna. Harafin bai gogu ba. Sai ga ^H ta fito a gabansa. Ya sake dannawa, wata ^H ta ƙaru, ya yi ta dannawa har layin ya cika da su.

Na yi ajiyar zuciya. "Haba Yaya! Wannan ce ta hana ka cin tuwo? Ai kai ka koya mini ita. Maɓallin yana aika alama ɗaya, dibagar tana jiran wata daban, shi ke nan. Kawo."

Na fita daga dibagar, na buga umarnin stty erase, na nuna mata alamar da maɓallin ke aikawa, na koma ciki. Na rubuta shirme na danna, ya goge tas. Na juya masa allon ina jiran ya ce madalla.

"Falmata," ya ce, maganarsa tana fita da nauyi ta gefe ɗaya, "kina tsammanin ban san wannan layin ba?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"Na gyara wannan abin tuntuni, a kan wannan kwamfutar, na ajiye shi yadda ba zai dawo ba. Ranar kasuwa ce. Bubayero ya zo da nono daga wajen innarsa, yana zaune inda kike, yana yi mini dariya, wai injin da bai iya goge kuskurensa ba ne zai ba mutane ruwa. Ina ganin ranar tar a idona. Da na dawo daga asibiti na buɗe, sai ga ta, kamar ban taɓa gyarawa ba. Na duba inda na ajiye gyaran, babu komai." Ya dube ni. "Na tambayi Inna ko wani ya taɓa mini kwamfuta. Ta ce ba wanda ya taɓa ta, tana cikin akwati tun ranar da aka fita da ni."

Nan take na gane. Mai gyaran ya kwashe manyan ayyuka, ya bar ƙananan saituttukan da ke ɓoye, don bai san da su ba.

"Inna ba ta ƙarya," in ji Yaya. "Ke nan kaina ne yake yi. Likita ya ce ciwon yana taɓa tunani. Idan ina tuna ranar da ba a yi ba, da nonon da ban sha ba, to me ya rage a kaina da zan yarda da shi? Mutum irin wannan ba ya taɓa abin da ke ba gari ruwa. In Bubayero ya dawo ku ba shi kwamfutar. Ni na gama."

Wallahi ban san lokacin da na tashi ba. Na fita tsakar gida, Inna tana ɓarar gyaɗa a faranti, na tsaya a kanta.

"Inna, kun san abin da kuka yi? Kun sa Yaya yana ganin ya haukace!"

"Ke! Rage murya, ba ki da hankali?"

Na durƙusa na gaya mata duk abin da ya faɗa. Inna ba ta san dibaga ba, ba ta san ^H ba, amma da na zo kan "Inna ba ta ƙarya" sai hannunta ya tsaya a cikin gyaɗar.

"In ya ji, jininsa zai hau," ta ce. "Kina so in rasa shi? Uwar Bubayero ta rasa nata, ni ma in rasa nawa?"

"Inna, ai rasa shi muke yi a hankali. Ya daina ƙoƙarin motsa hannun, ya daina ci. Tsakanin ke da kansa aka ce ya zaɓa, ya zaɓe ki."

Tsoro nake ji kamar yadda take ji, kada wani ya ɗauka jarumta ce. Likitan nan ba da wasa ya yi maganarsa ba. Inna ta daɗe tana kallon farantin. Can ta kakkaɓe zaninta ta miƙe.

"Ya sha maganinsa na rana?"

"Ya sha."

"To ke ba za ki ce komai ba. Bakina ne ya faɗa masa, bakina zai warware."

Ta shiga ta zauna a gefensa na dama, ta ɗauki hannun nan da ba ya motsi ta riƙe. Inna ba ta kiran sunan ɗan fari, Babana take ce masa.

"Babana, kanka lafiya lau yake. Wannan ba kwamfutarka ba ce. Ni na sa aka sayo irinta, ni na ce kowa ya yi shiru. Ka yafe mini."

Ya kalle ta, ya kalli kwamfutar. Na ga fuskarsa ta saki a karon farko tun da na zo.

"Ke nan an yi ranar," ya ce a hankali. "Na sha nonon."

"Ka sha."

Ya lumshe ido ya ce alhamdulillahi. Da ma a nan aka tsaya. Amma kan da yake zargi shi ne ya ci gaba da aiki, ina kallo yana haɗa ɗaya da ɗaya.

"To ina tawa?"

"Ta fashe."

"A hannun wa? Ba mai fita da ita sai..." Ya buɗe ido. "Inna, Bubayero bai taɓa tafiya ko Wudil ba tare da ya gaya mini ba."

Inna ta ƙara damƙe hannunsa, hawaye suna zuba ba ta share ba. "Ya je ya tayar musu da ruwa, Babana. A hanyar dawowa ne. Allah ya yi masa rahama."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya yi ta maimaitawa, kalmomin suna karyewa a bakinsa. Ni ina bakin ƙofa da waya a hannu, lambar direban Kawu Hafizu a buɗe, ina jiran abin da likita ya ce. Allah ya rufa asiri, jinin bai hau ba. Kuka ya yi, irin kukan da ban taɓa ganin yayana ya yi ba, Inna tana riƙe da shi.

Da aka kira la'asar ya ce a kawo masa ruwan alwala. Bayan ya idar ya tambaya, "Ruwan yana zuwa har yanzu?"

"Yana zuwa," na ce.

"Gobe ku kai ni Kademi. Uwar Bubayero tana can tana cewa ban zo ba." Ya nuna kwamfutar da haɓa. "Ke kuma cire gyaranki. Na wucin gadi kika yi, kina rufewa zai tafi. Haka na koya miki?"

Na cire. Ya jawo ta da hannun hagu, ya buɗe inda ake ajiye saiti, ya buga layin harafi bayan harafi. Ya ɗauki lokaci, ban taya shi ba. Ya rufe, ya sake buɗe dibagar don ya gwada. Duk mai gwada maɓalli shirmen da ya zo hannu yake bugawa. Shi sunan Bubayero ya rubuta.

Ya ɗora yatsa a kan maɓallin gogewa ya danna sau ɗaya. Maɓallin ya yi aikinsa, harafin ƙarshe ya ɓace.

Da sauri ya mayar da shi.