Gatarin Aradu a Bakin Basma

Atine ta gama shanya wanki da hantsi, ta juyo ta hango 'yarta Basma zaune a inuwar rumbu, ta riƙe wani abu da hannu biyu tana tsotsa. Yarinyar tana fitar da haƙora a kwanakin, duk abin da ta samu sai ya je baki, don haka Atine ta ɗauka ludayi ne ko murfin kwano. Sai da ta matso ta ga dutse ne.

Ta fizge shi, Basma ta ɓare baki da kuka. Baƙi ne mai ɗan kore-kore, bai wuce tsawon tafin hannu ba, ga santsi kamar sabulun da aka daɗe ana wanka da shi, kuma ya fi girmansa nauyi. Nauyin nan ne ya tsinka mata zuciya. A Dareta babu uwar da ba ta tsoron dutse mai nauyi.

Atine tana yarinya lokacin da gubar dalma ta shigo garin. A wancan lokaci maza kan kawo dutsen zinare gida, a daka shi a turmi, a niƙa shi a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Ƙurar ta kashe yara da yawa, har da ƙaninta Usmanu, wanda ita ce mai goyonsa. A bayanta ya fara fizge-fizge. Daga baya aka kankare ƙasar gidajen, aka zuba sabuwa. Da Auwal ya nemi aurenta, abu ɗaya ta roƙa. Tunda yana zuwa ramin zinare da rani, to ya yi wanka a can, ya sauya kaya a can, kuma ko tsakuwa kada ta biyo shi gida. Ya yi alkawari, ta kuma yarda da shi duk shekarun nan.

Ga shi yau dutse a bakin 'yarta.

Ta ɗebo ruwa ta wanke wa Basma baki, ta sa yatsa ta goge dasashi da harshe, ta sake wankewa. Ta kira Auwal a waya, ba ta shiga ba, domin a ramin babu sabis. Ta sake kira, shiru. Surukarta, Inna Baraka, ta tafi Bukkuyum tun da sassafe wajen suna a gidan 'yarta Salamatu. Manyan yaran suna makaranta. Babu wanda za ta tambaya.

Ta naɗe dutsen a leda, ta ƙara wata ledar a kai, ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Sannan ta goya Basma, ta bar wa maƙwabciya sallahu, ta fita bakin hanya inda Sharu, ƙanin mijinta, ke ajiye babur ɗinsa na kabu-kabu.

"Matar yaya, ina zuwa da sauri haka?" in ji Sharu. "Ko miya ce taƙ ƙone kika gudu?"

"Anka. Asibiti."

Ya dubi fuskarta, ya tayar da babur.

A hanya ta riƙa kai hannu baya tana taɓa ƙafar yarinyar. Ɗumi daidai, babu zazzaɓi. Amma Usmanu ma da farko bai yi zazzaɓi ba. Ta yi ta tunanin Auwal, tana ganinsa a zuci ya tsinci dutsen a bakin rami, ya ga kyansa, ya jefa a aljihu.

A asibiti wata ma'aikaciyar jinya mai suna Rufaida ta karɓe su. Ta tambaya ko yarinyar ta yi amai, ko tana ƙin nono, ko tana yawan barci. Atine ta ce a'a. Ta tambaya tun yaushe take tsotsar dutsen.

"Ban sani ba," in ji Atine. "Yau nig gani. Wataƙila tun tuni."

Rufaida ta wanke hannun Basma da kyau, ta ɗebi jini kaɗan. "Ki zauna a waje, za mu kira ki. Kada ki sa wa ranki komai tukuna."

A waje akwai dogon benci a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Atine ta zauna a gefen wani dattijo mai farin gemu da tabarau, ta sauke Basma a cinya. Yarinyar ta miƙa hannu ta cafke carbinsa.

"A'a, amaryata, wannan ba na ci ba ne," in ji dattijon yana dariya. Ya gaida Atine, ya ce sunansa Malam Mu'azu, tsohon malamin makaranta ne, ya zo awon hawan jini. "Mi as same ta? Ga ta garau."

Atine ta ba shi labari a gajarce, ta nuna ledar. Ya nemi izini, ya ciro hankici daga aljihu, ya kwance ledar ya zazzage dutsen a kai. Ya gyara tabarau, ya daɗe yana dubawa.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Ɗiyata, kin san mi na na wanga?"

"Dutsen rami ne."

Wata mata mai jiki da ke zaune a ɗaya gefen ta leƙo. "Wane irin dutsen rami? Gatarin aradu ne! Daga sama shi ka hwaɗowa in an yi tsawa. Ni dai matsa da shi can, Malam."

"Haka munka taso muna ji, Hajiya," in ji Malam Mu'azu. "Amma ku duba nan." Ya juya dutsen a kan hankicin. Gefe ɗaya faffaɗa ne, an fiƙe shi ya yi baki, ɗayan kuma siriri. "Wannan sirin gefen shi ake cusawa cikin ƙota, kamar dai gatarinmu na yau. Mutum ne ya yi shi, tun mutanen ƙasar nan ba su san ƙira ba. Sai ya zaɓi dutse mai tauri, ya zauna a bakin rafi, yana goga shi a kan wani dutsen, yana zuba ruwa da yashi, har ya yi baki. Da shi yake sare itace ya share gona. Shekaru dubbai ke nan."

"To mi ya sa ba a ganinsa sai bayan tsawa?" matar ta tambaya.

"Ruwan sama ne ke wanke ƙasa ya tone shi. Manomi ya fito da safe ya gan shi a gona, jiya babu shi, kuma ya ji tsawa. Mi kike so ya ce?"

"Ashe wanda yay yi shi ba shi da aikin yi."

"Maƙeri ne ba shi da shi, Hajiya."

Mutanen benci suka yi dariya. Atine ba ta yi ba.

"Malam, ka yi haƙuri," ta ce. "Ni ba wannan ce tambayata ba. Akwai dalma a ciki?"

Dattijon ya cire tabarau, ya dube ta. "Kin yi gaskiya, na tafi wani wuri daban. Irin wannan dutsen ba shi ne na zinare ba. Wancan yana farfashewa, shi ya sa ake iya niƙa shi. Wannan kuwa taurinsa ne ya sa mutanen farko sunka zaɓe shi. Amma ba zan ruɗe ki ba. Masu haƙa sukan ci karo da irinsa, kuma in daga rami anka ɗauko shi, ƙurar wurin tana iya maƙalewa a jikinsa. Abin da za ki nema ki sani shi ne inda yake kwana kafin ya zo bakinta." Ya mayar da tabarau. "Akwai tsohuwa a gidanku? Tsofaffi sukan ajiye shi a ɗaki, wai tsarin tsawa."

Atine ta tsaya cak. Tun safe Auwal kaɗai take zargi, hankalinta bai kai ga Inna ba ko sau ɗaya. Ta ciro waya ta kira Salamatu. Ta ji hayaniyar gidan suna, ana luguden daka, wata na rangaɗa guɗa. Bayan gajeriyar gaisuwa ta roƙa a ba Inna.

"Lahiya dai?" in ji Inna Baraka da ƙarfi, kamar yadda take yi a waya kullum. "Ko gida yak kama wuta?"

"Inna, wani baƙin dutse nig gani a bakin Basma."

"Ke! Gatarina! Ina kinka kai mini shi?"

"Naki ne, Inna?"

"To na wa? Shina ƙarƙashin randata tun ba a haihi mijinki ba. Daga Gummi niz zo da shi cikin kayan aurena. Innata tab ba ni, ita ma a gonar gero ta gidansu anka tsince shi. Sanyin randa shi ka ɗauka, in yaro na haƙora a ba shi ya ciza, dasashi ya huta. Mijinki da shi yay yi haƙora, ga shi nan har yau shina tauna ƙashi kamar kura."

"Tun yaushe kike ba ta?"

"Tun da na ƙasa sunka fara leƙowa. Ina wanke shi in ba ta, in wanke in mayar. Yau ne sauri yas sa na manta."

Atine ta ce, "Inna, bai taɓa zuwa rami ba?"

Ana jin ƙarar taɓarya daga nesa. Da Inna ta sake magana, muryarta ta sauka.

"Atine, ni da nay yi wa yaran garinmu wankan gawa da hannuna a shekarar can, ni za ni ba jikata dutsen rami?"

Hawaye suka zubo wa Atine. Ta ce, "Ki gafarce ni, Inna."

"Babu komai, ɗiyata. Laifina ne da ban gwada miki shi ba tun farko. Kina ina yanzu?"

"Anka. Asibiti."

"Asibiti kinka kai gatarina? Shi ma an ɗebi jininsa?"

Matar da ke gefe, wadda ta ji komai domin muryar Inna ba ta ɓuya, ta tuntsire da dariya har tana dafa ƙirji. Atine ma ta yi dariya cikin kuka, tana share fuska da gefen hijabi.

Duk da haka zuciyarta ba ta gama sauka ba. Dutsen ya fita daga zargi, Auwal ma ya fita, amma tunda an ɗebi jinin, jinin ne zai faɗi gaskiya. Ta san ƙura ba ta neman izini kafin ta shiga gida. Ta zauna tana kallon ƙofar. Duk lokacin da aka buɗe sai ta yunƙura za ta tashi. Malam Mu'azu ya bar ta da tunaninta, ya koma wasa da Basma, yana ɓoye carbi a hannu ɗaya yana sa ta nema.

"Maman Basma," Rufaida ta kira.

Atine ta shiga, ta tsaya a gaban tebur, ta ƙi zama.

"Alhamdu lillahi," in ji Rufaida. "Abin da ke jininta ƙasa yake sosai, ba ta buƙatar magani. Daga gani kina kula da tsabtar gidanki. Ki ci gaba da yadda kike yi, kuma ki kawo ta a sake dubawa idan lokacin awo ya zagayo."

"Ba abin da zai same ta?"

"Ta wannan hanyar dai babu, in sha Allahu. Na ji labarin dutsen ta taga, duk asibitin nan an ji. Ki gaya wa kakarta a daina ba ta, kada ya ɓantare mata sabon haƙori. Tsumma mai tsabta da ruwan sanyi ya isa."

Atine ta yi godiya, ta sake yin godiya, ta fito.

Malam Mu'azu yana nan a inda ta bar shi. An kira layinsa ya ce a wuce shi tukuna. Ya ɗaga kai yana dubanta.

"Lahiya lau take, Malam."

"Madalla. Madalla." Ya naɗe dutsen a hankicin, ya miƙa mata. "Ki tafi da hankicin, kada ki mayar da shi leda kamar kayan shara. Ki gaida Inna. Ki ce mata in wani ya zo yana son saye, kada ta sayar. In kuma ta yarda wata rana, ta bari 'yan makaranta su gan shi, ko daga bakin ƙofa ne."

"Sai dai su zo su gaishe ta da kyau," in ji Atine. "Ba za ta sake bari ya fita ba."

Ya tashi yana dariya, ya shiga wajen awonsa.

Sharu ya taso daga gindin katanga yana kaɗa makulli. Ya riga ya gane daga fuskarta. "To matar yaya, mu koma? Rana na yi."

Atine ta zauna a bencin, ta gyara Basma a cinya, ta ba ta nono. Yarinyar ta kama, ta cije ta da sababbin haƙoran, Atine ta ce "wash" ba ta janye ba.

"Ɗan dakata, Sharu," ta ce. "Ƙafafuna ba su dawo ba tukuna."