Fitsarin Ɓeraye a Gaban Kwamiti

Shekara goma sha ɗaya Dakta ya yi yana auna fitsarin ɓera. Abokan karatunsa suna fiɗar zuciyar mutane, shi kuwa yana duƙe ƙarƙashin keji yana leƙen kwalba. In surukarsa ta tambayi aikinsa sai ya ce, "Binciken ƙwaƙwalwa, Mama." Ba ƙarya ya yi ba, bai dai ƙarasa ba.

Abin da ya gano shi ne, in aka ɗiga wa ɓera wani sinadari dangin adirenalin, wanda jiki ke fitarwa in an tsorata, a ƙwaƙwalwa, sai ta aika wa ƙoda saƙo ta saki ruwa. Waɗanda aka ɗiga wa ruwan gishiri kuwa ba sa ko motsi.

Ranar Talata kwamitin jami'a zai zo ya gani da ido. In bai gamsu ba, ɗakin binciken zai koma ma'ajiyar tsofaffin takardun jarrabawa.

Matarsa ta ɗaga tsohuwar farar rigar aikinsa da yatsu biyu. "Baban yara, da wannan tsumman za ka tarbi manya? Ko akuya ta fi ta ƙamshi." Ta miƙa masa sabuwar kwat, ta yi masa wanka da turare.

Da kwamiti ya iso, ya jera ɓeraye shida na magani a dama, shida na gishiri a hagu, ya buɗe murya. "Ranku ya daɗe, na hagun nan ba za ku ga ko ɗigo ba."

Ya matsa kusa da su. Na hagu suka shaƙi iska, suka manne a lungu, suka saki kamar an buɗe famfo. Kafin ya kai ƙarshen jimla sun wuce na dama yawan fitsari.

"To wanne ne ilimin, Dakta," in ji shugaban kwamiti, "dama ko hagu?"

Ma'aikaciyar ɗakin, wadda ta fi kejin daɗewa a wurin, ta raɗa masa: "Ba su gane ka ba. Da wari suka san ka. Yau sun ɗauka baƙo ne ya zo cinye su."

Dakta ya gyara tsayuwa. "Wannan ma ƙwaƙwalwa ce, ranka ya daɗe. Tsoro ne ya..."

"Mun gani," shugaban ya ce, yana kakkaɓe takalminsa.

Kwamiti ya yi adalci irin na kwamiti: rabin ɗaki ga ɓeraye, rabi ga takardu. Dakta bai ɗaukaka ƙara ba. Ya san abincin ɓera.