Ranar da Hindu Ta Kira Sunan Ɗanta

Ustaza Tasneem, jami'ar kula da yara daga garin Sinja a Sudan, ta iso wani ƙauye na gefen kogin Dinder da hantsi, domin wani sabon malamin makaranta ya kai ƙara cewa akwai yaron da uwarsa ko kallonsa ba ta yi. Yaron shi ne Bilyamin, ɗan farin Hindu, kuma duk ƙauyen ba wanda ya kai shi ƙiba.

Hindu tana tuyar kisra, wainar dawa mai faɗi, sai jami'ar ta nuna shi. "Wannan ɗanki ne?"

A gaban surukarta, Habboba Hauwa, wato Kaka Hauwa, yaya Hindu za ta amsa ɗan fari? Kunya ce ta gada tun kaka da kakanni. Ta kau da kai. "Na mutanen gidan ga ne."

"Sunansa fa?"

"Wancan."

Aka kira Muntari, uban yaron, daga gona. Shi ma ya sunkuyar da kai, ya ce lalle yana ganin yaron a unguwa.

"Ya jama'a, to na wa ne?" in ji jami'ar.

"Mijina ne," in ji Habboba Hauwa, tana wasan jika. "Ko cefane bai yi, rago!"

Ustaza Tasneem ta dafe kai. Ta ce yaron da iyaye suka ƙi, aka kuma aura wa tsohuwa, yau zai kwana Sinja. Bilyamin, da bai taɓa shiga mota ba, tuni ya haye kujerar gaba.

Da injin ya tashi, Hindu ta kasa daurewa. Ita ce take tura masa nama ta hannun maƙwabta, ita ce take gyara masa mayafi in ya yi barci. Ta jefar da kisrar, ta ruga.

"Bilyamin! Sauko, ɗana!"

Wata mata ta saki tulu.

Yaron ya leƙo, ya dubi kowa ban da ita. "Wa ya kira ni?"

Sai da ta maimaita, fuska a cikin mayafi, sannan jami'ar ta buɗe ƙofa tana dariya.

"Tunda kunya ta ƙare," in ji Habboba Hauwa, "riƙe abinki. Na sake shi."

Bilyamin kuwa ya wuni yana kuka, an hana shi zuwa Sinja.