Makin da Jarlath Ya Ci da Sunan Wani

"Ki ce masa na mutu," in ji Baba Jarlath.

"Ba ka mutu ba tukuna, kuma ni ba na yi wa malamin makaranta ƙarya a bakin ƙofa."

"To ki ce ina hanya."

Ina tsaye da tiren abinci a hannu, shi kuma yana kwance a gadon da muka sauko masa da shi falo tun da ƙafafunsa suka daina hawa bene. Ta gefen labule ina hango Malam Cathal Ruane a ƙarƙashin lema, jaka a hammata, yana danna ƙararrawa. Zuwansa na huɗu ke nan cikin sati biyu. Na fita na ce masa tsohon ba ya son ganin kowa yau. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce babu komai, zai dawo.

Sunana Nuala. Shekara talatin da ɗaya katanga ɗaya ce ta raba gidana da na Jarlath Devane. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ɗansa ɗaya tilo yana Ostireliya, don haka daga tukunyata abincinsa yake fitowa. Likita ta riga ta gaya mana kwanaki ne suka rage masa, kuma wannan bai dame shi ba ko kaɗan. Amma tun ranar da ya ji kwamitin gunduma ya ɗora wa Malam Cathal rubuta tarihin gasar ƙananan kulob, sai ya ɗauke wa abinci kai, yana ta zuba wa ƙofa ido kamar wanda 'yan sanda ke nema.

Gasar ƙananan kulob ita ce ta can ƙasa a ƙwallonmu na Gaelic, wasan gargajiyar ƙasarmu da ake cin maki in ƙwallo ta bi ta sama tsakanin dogayen turaku biyu. Manyan garuruwa suna buga tasu ana sa su a rediyo, mu kuwa sai manoma masu tumbi da 'yan samarin da ba su tafi Ingila ba, a filin da sai an kori tumaki kafin a hura usur. Sau ɗaya tak ƙauyenmu Kilvarra ya taɓa ɗaukar kofin, a 1961, lokacin da muka doke Dromasky da maki ɗaya. Mahaifina ne kyaftin. Da lambar yabonsa a aljihun kwat muka binne shi, domin haka ya bar wasiyya.

Na koma na dire tiren da ƙarfi.

"Yau sai ka gaya min abin da bawan Allahn nan ya yi maka. Sau uku ina ɗumama dankalin nan, ni ba baiwarka ba ce."

"Rufe ƙofa, yarinyar nan." Shekarata sittin da ɗaya, amma a wurinsa yarinya ce ni. Na rufe. "Wa ya ci makin ƙarshe a sittin da ɗaya?"

"Peadar Coyne mana. Ko jaririn Kilvarra ya san wannan."

"Kin taɓa ganinsa?"

"Ina zan gan shi? Yana Ingila tun kafin a haife ni."

"Yana Ingila tun kafin wasan," in ji shi.

Sai ya ba ni labari, yana yi yana hutawa. Yana ɗan shekara ashirin ya tsallako dutse daga wata gunduma ya zo tonon dankali a gonar su Peadar. Fadan cocinmu na lokacin, wanda shi ne kuma mai horar da 'yan wasa, ya gan shi yana buga ƙwallo a bayan rumbu. Peadar kuwa ya tafi aikin gini a Birmingham wata biyu kafin nan, amma sunansa yana cikin takardar rajista.

"Fada ya ce min, ranar Lahadi sunanka Peadar, in an kira ka amsa. Wa ya isa ya yi wa Fada musu a zamanin nan?"

Dokarmu kuwa sananniya ce: inda kake nan kake buga wa. In aka kama baƙo a cikin 'yan wasa, sai a kai ƙara, a ƙwace kofi a miƙa wa abokan karawa. Ƙauye guda ya haɗa baki ya ce Peadar, har maganar ta tsufa ta zama gaskiya. Jarlath ya zauna a Kilvarra, ya auri 'yar gari, kuma daga ranar bai sake sa ƙafa a kan ƙwallo ba, don kada wani ɗan Dromasky ya gane bugunsa.

"Duk waɗanda suka sani sun riga ni gidan gaskiya," ya ce. "Yanzu malamin nan ya rubuta wa iyalin Peadar wasiƙa yana neman hoto. Rana dubu ta ɓarawo, Nuala. Ba na so in tafi a ce ni na jawo aka ƙwace wa Kilvarra abu ɗaya da take da shi."

Na tsorata, kuma ba na jin kunyar faɗa. Na tuna mahaifina a kabarinsa da lambar da za a ce ba tasa ba ce. Na tuna matan Dromasky da irin kallon da za su yi mana a shago. Ni da na gama cewa ba na ƙarya a bakin ƙofa, washegari na gaya wa Malam Cathal cewa likita ta hana baƙi, na kuma ƙara da cewa tsohon ya fara ruɗewa, ko sunansa ba ya tunawa. Allah ya yafe min.

Ranar Alhamis bayan abincin rana motarsa ta sake tsayawa. Na ɗaura ɗamarar korarsa, sai na ga yana fito da wani tsoho daga kujerar gaba, sanda biyu a hannu, hular Dromasky ja da fari a kansa. Ultan Geraghty ne, wanda ya tsare musu gida a wancan wasa, an ɗauko shi daga gidan tsofaffi. A garinmu ba a korar wanda ya zo duba marar lafiya, ko da ɗan Dromasky ne. Na kauce na ba su hanya, ina tsine wa wayon malaman makaranta a zuciyata.

Ultan ya ɗauki lokaci kafin ya zauna. Ya gama haki, ya leƙa fuskar mai jinya.

"Sannu, Peadar. Ya jikin?"

Na ga hannun Baba Jarlath ya damƙe bargo.

"Ultan, in kofinku ka zo karɓa, ka saurare ni. Laifina ne ni kaɗai. Uban yarinyar nan da sauran, su dai sun buga ƙwallo ne."

Ultan ya fashe da dariya har ta koma tari, sai da na ba shi ruwa.

"Kai, tsohon banza! Kana nufin ka ɗauka ba mu sani ba? Tare muke kai maruƙa kasuwa da Peadar Coyne. Gajere ne kamar tulu, ga gwame. Sai ga wani dogo kamar sandar lantarki ya shigo fili, ana ta Peadar, Peadar, shi kuma sai an kira sau uku yake waiwayowa."

"To me ya hana ku kai ƙara?"

"Wa ya ce ba mu rubuta ba? Shafi biyu sakatarenmu ya cika, ya hau keke zai kai wa kwamiti. Da ya iso gada sai ya tsaya ya tuna namu. Sojoji biyu muka ɗauko daga bariki, ga wani ɗalibi mai koyon aikin Fada da ya tsallako katangar makarantarsu ya buga da sunan kawunsa. Laifi tudu ne, mutumina. Ya jefa takardar a kogi ya wuce mashaya."

"Sojoji!" Baba Jarlath ya ɗago kai daga matashi. "Wannan ƙaton da ya kusa karya min haƙarƙari?"

"Kofur ne. Ni kaina ma an dakatar da ni wata shida saboda na tura alƙalin wasa cikin kwata. Da sunan yayana Fergal na tsare gida ran nan, shi kuma yana gefen fili yana yi min ihu da sunansa."

Malam Cathal ya buɗe jaka ya fito da takardu.

"Baba, ko da sun kai ƙarar, kwana uku doka ta ba mai ƙara. An makara da shekara sittin da biyu. Babu mahalukin da zai taɓa kofin Kilvarra. Na bi wasannin ƙarshe na gasar nan tun daga na farko, kuma in na cire duk wanda aka buga da sunan aro, abin da zai rage a littafin ba zai isa a kunna murhu ba. 'Yar Peadar ta ba ni amsa. Ta ce har ubanta ya rasu yana dariya, wai shi ne mutumin da ya ci maki a Kilvarra yana kan bene a Birmingham yana ɗaukar bulo. Tambaya ɗaya ce ta kawo ni gidan nan sau shida. Sunan wa zan rubuta?"

Na zauna a kan bokitin gawayi. Wani sanyi ya ratsa ni, irin na wanda aka sauke wa kaya bayan doguwar tafiya. Sai kuma haushi ya biyo baya. Shekara sittin da biyu mutum yana wucewa ta gefen fili yana kawar da kai, a kan abin da ya mutu cikin kwana uku, kuma cikinmu babu wanda ya taɓa buɗe littafin doka ya duba.

Baba Jarlath ya daɗe yana kallon silin. Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido ya shiga kunne, bai share ba.

"Rubuta nawa," ya ce. "Jarlath Devane, lamba goma sha huɗu. Ka sa na Peadar a gefe, ya yi min riƙo tsakani da Allah." Ya juyo wurina. "Ke, dankalin nan yana nan, ko kin ba kare?"

Ya ci rabin faranti da man shanu, ya sha shayi kofi biyu. Kafin in kwashe kwanuka sun kaure da gardama.

"Ta gefe ƙwallon nan ta bi," in ji Ultan. "Ina ƙarƙashinta, na gani."

"Ta tsakiyar turaku ta bi, makaho. Ai da kana gani da ba a dakatar da kai ba."

"Alƙalin layin ɗan'uwan Fadanku ne!"

"Malam, rubuta cewa ta tsakiya ta bi."

Malam Cathal ya ce zai rubuta cewa har yanzu ana gardama.

Ranar Juma'a Baba Jarlath ya yi waya da ɗansa, ya ba shi labarin wasan tun daga usur na farko, abin da yaron bai taɓa ji daga bakinsa ba. Ranar Asabar da la'asar, ina shanya kaya a bayan gida, nas ɗin da ke zuwa duba shi ta leƙo ta katanga ta yafito ni. Ya tafi cikin barcin rana, hannunsa a buɗe a kan bargo. Na yi kuka, amma ba mai zafi ba.

Ranar jana'iza shugaban kulob ya zo da rigar Kilvarra mai lamba goma sha huɗu ya shimfiɗa a kan akwatin. A hanyar maƙabarta motar gawa ta tsaya a ƙofar fili, kamar yadda ake yi wa 'yan wasa. Namu sun jeru a hannun dama, na Dromasky a hagu, Ultan a ƙarshen layi a kan kujera, hularsa a gwiwa. An yanke ciyawa, an ɗaura raga. Wani ya ajiye ƙwallo a gaban turakun, yayyafi yana sauka a kanta.